Bryce Young: Laifin Yaro Ne Ko Na Ƙungiyar Da Ta Ɗauke Shi?

A ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a hannu ana ture-ture, babu gurbin da ya kai na kwatabak nauyi. Shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari. Cikin daƙiƙa uku ko ƙasa da haka zai karanci tsayuwar masu tsaron baya, ya zaɓi wanda zai jefa wa, alhali ƙarti masu nauyin fiye da kilo 100 suna rugowa su danne shi.

Bryce Young ya shigo gasar NFL a matsayin kwatabak a 2023 ɗauke da kambun Heisman na gwarzon 'yan wasan jami'o'i, wanda ya ci a 2021 yana jami'ar Alabama. Carolina Panthers ce ta ɗauke shi, shi ne na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar. Kakar ba ta zo da daɗi ba: wasa 2 suka ci, aka doke su a 15. Jifansa 11 ne suka zama ci, abokan hamayya suka cafe 10, aka kuma kayar da shi da ƙwallo a hannu sau 62. Kocinsa Frank Reich bai wuce wasa 11 ba aka sallame shi. Abin da ya ƙara wa ciwon gishiri, kwatabak C.J. Stroud da aka ɗauka a bayansa yana can Houston yana haskakawa. Da aka buga wasa biyu kacal a 2024, sabon koci Dave Canales ya ajiye Young a benci, 'yan sharhi da dama suka ce tasa ta ƙare.

A ganina sun yi gaggawa. Tsarin gasar shi ne ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ke fara zaɓe, don haka yaro mafi hazaƙa galibi gida mafi lalacewa yake faɗawa. Alƙaluman shekararsa ta farko sun fi ba da labarin masu kare shi da masu cafe masa ƙwallo fiye da nasa. Fitaccen kwatabak Peyton Manning kansa an cafe masa jifa 28 a shekararsa ta farko, 1998. Josh Allen ya fara da isar da kashi 52.8 cikin ɗari na jifansa a 2018, ya kai kashi 69.2 a 2020, ya zama gwarzon gasar a kakar 2024.

Wani abin dariya ma, Sam Darnold da Baker Mayfield, su ma 'yan gurbin kwatabak, duk sun zauna a Carolina ɗin nan a 2022, aka rabu da su ba tare da wani ya yi kewarsu ba. A 2024 Darnold ya ci wasa 14 da Minnesota, Mayfield kuma jifansa 41 suka zama ci a Tampa Bay. Idan rijiya ɗaya ta ba mutum uku ciwon ciki, ai ruwanta ya kamata a duba.

Sai dai haƙuri ba kullum yake biya ba. Kwatabak David Carr an kayar da shi sau 76 a 2002, bai kuma taɓa zama abin da aka yi tsammani ba. Zach Wilson da Josh Rosen ma sun sauya gida, babu abin da ya sauya. Shi kuwa Young tsayinsa kimanin santimita 178 ne, gajere a wannan gurbi, kuma babu kocin da zai ƙara masa tsawo.

To me ake dubawa? Ko yana sakin ƙwallo da wuri, ko ƙafafunsa na natsuwa idan an matsa masa, ko kuskuren jiya yana maimaituwa yau. Da aka mayar da Young fili a watan Oktoban 2024, waɗannan ne suka gyaru. A wasanni ukun ƙarshe na kakar ya ci sau 7 da jifa, sau 3 da gudu, ba a cafe masa ko ɗaya ba.

Wasa uku ba sa mayar da mutum gwani. Kwantiragin wanda aka ɗauka a zagayen farko na shekara huɗu ne, kuma sai bayan kaka ta uku ƙungiya ke yanke shawarar ƙara masa ta biyar. Masu biyan kuɗin ma kaka uku suke jira. Waɗanda suka yanke wa Young hukunci bayan wasa 18 da ya buga ba su yi masa adalci ba.