Gargaɗi: Kada Ku Sayi Gida a Arewacin Saifurus Sai Kun San Asalin Filin

Tallar gidajen bakin teku na Arewacin Saifurus ta cika wayoyinmu. Dillalai na turo bidiyon dogayen benaye a Iskele da Girne, ga wurin ninƙaya, ga ruwa shuɗi shar, suna cewa a ba da kafin alƙalami, a biya sauran kaɗan-kaɗan, baƙi masu hutu su riƙa biyan haya da fam na Ingila. Iyayen da 'ya'yansu ke karatu a jami'o'in Famagusta da Nikosiya su ma ana bin su da wannan tayin. Kada kowa ya tura ko sisin kwabo sai ya ji abin da tallar ta ɓoye.

A 1974 sojojin Turkiyya suka kame arewacin tsibirin. Girkawan Saifurus fiye da 160,000 suka tsere kudu, suka bar gidajensu da gonakin zaitun da lemo. A 1983 arewa ta ayyana kanta ƙasa, kuma har yau Turkiyya ce kaɗai ta amince da ita. Da yawa daga cikin benayen nan a kan filayen waɗancan mutane aka gina su, kuma a idon kotunan Turai filayen ba su fita hannun masu su ba.

Wasu ma'aurata 'yan Ingila, David da Linda Orams, sun gina gida a Lapta a kan filin Meletis Apostolides, ɗaya daga cikin Girkawan da suka tsere kudu. Ya kai su ƙara, kotun Nikosiya ta ɓangaren kudu ta ce a rushe gidan, a mayar masa da filinsa, su kuma biya shi haya. A 2009 Kotun Tarayyar Turai ta ce ana iya zartar da hukuncin har a Ingila, a 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta can ta tabbatar. Haka suka bar gidan.

Abin bai tsaya ga asarar kuɗi ba. Tun 2006 dokar Jamhuriyar Saifurus, wato gwamnatin kudu, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga mai saye, mai sayarwa ko mai tallata irin wannan fili ba da yardar mai shi ba. A 2025 an ɗaure Simon Aykut, ɗan kasuwar gine-gine daga Isra'ila, shekara 5. An kuma ɗaure wasu mata biyu 'yan Hungari saboda talla kawai. Ɗalibanmu da ke yi wa kamfanoni dillanci don la'ada, da ku ake.

Wanda duk ke da niyyar saye, ya kiyaye waɗannan:

1. Ya tambayi sunan wa filin ke ɗauke da shi kafin 1974. Takardar musaya ko ta rabo da hukumomin arewa suka bayar daga baya ba ta goge haƙƙin mai shi na asali.
2. Ya ɗauki lauyan kansa, ba wanda dillali ya haɗa shi da shi ba.
3. A duba a ofishin filaye ko magini ya jinginar da filin ga banki. In ya kasa biyan bashi, banki na iya gwanjon gidan da aka riga aka biya kuɗinsa.
4. Yarjejeniya ba takardar mallaka ba ce. Baƙo sai ya samu izinin majalisar ministocin arewa kafin a sa sunansa.
5. Biyan kuɗin gidan da yake a zane kawai cinikin biri a sama ne.

Ku sani kuma, Nijeriya da Nijar ba su da ofishin jakadanci a yankin da za a kai wa kuka. Wanda ya riga ya fara biya ya nemi lauya yau, kafin ya tura kashi na gaba. Don Allah a isar wa iyaye da ɗalibai da wannan saƙo.