Boris da Lafiyar Injin Matsa Iska

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Kazaure zuwa Daura, ko ya karkata ya shiga garuruwa irin su Achilafiya, ba zai rasa ganin mai faci a gindin bishiya da ɗan injinsa na iska ba. Amma injin da ya fi wannan girma da fa'ida ga jama'ar yankin shi ne wanda masu haƙa rijiyar burtsatse ke zuwa da shi a kan babbar mota, domin ƙasar Kazaure da Roni ƙasa ce mai duwatsu, dutsen da ke ƙarƙashinta kuwa ba ya fasuwa sai da gudumar da matsattsiyar iska ke bugawa. Dangin wannan injin ne kuma ke aiki a masana'antun Bompai da Sharaɗa.

A cikin babban injin akwai ƙarafa biyu murɗaɗɗu kamar igiya, suna juyawa sau dubbai a minti guda, alhali tazarar da ke tsakaninsu da gidansu ba ta taka kara ta karya ba, kuma babu abin da ke tsare wannan tazara face boris. Idan ya cinye, ƙarafan suka gogi bango, to, asarar ta wuce ta boris, ta koma ta kan injin gaba ɗaya.

Alal haƙiƙa, ba kasafai tsufa ke kashe boris ba. Ƙurar hunturu da ta haƙar dutse, idan matatar iska ta yage, takan gauraya da mai ta riƙa cin ƙarfe sannu a hankali. Sa'an nan ga guduma, wadda ni a ganina ta fi ƙurar illa, domin makanikin da ya doki sabon boris don ya shige sandarsa ya riga ya lotsa hanyar da 'ya'yan cikinsa ke bi tun injin bai tashi ba. Ƙa'idar ma'abota wannan sana'a ita ce a ɗumama shi zuwa wajen digiri 110, ya buɗa, ya zauna da kansa. Haka nan injiniyoyi sun tabbatar da cewa boris mai ƙwallaye, idan aka ninka masa nauyi sau biyu, kashi ɗaya bisa takwas na kwanansa kaɗai zai yi, abin da ya kamata mai ɗaure bel tamau ya yi tunani a kansa.

Lambar da ke jikinsa ma ilimi ce. A boris mai lamba 6205, irin na ƙananan injunan lantarki, a riɓanya 05 sau biyar, a sami faɗin raminsa, wato milimita 25. 2RS na nufin murfin roba a fuska biyu, C3 kuwa ƙarin sarari ne a ciki saboda zafi. Wanda ya tafi Ƙofar Ruwa a Kano da tsohon boris a hannu, ya karɓi wanda ya yi daidai da shi a ido kawai, ya bar rabin mas'alar a baya.

Saura batun algus. Kamfanin SKF, wanda aka kafa a Suwidin a 1907, da takwarorinsa, sun daɗe suna fama da masu buga sunansu a kan jabun kaya, har kwalin ma ba ya bambanta su, kuma hukuncin wannan ha'inci a fiƙihun ciniki ba ɓoyayye ba ne. Farashin da ya faɗi ƙasa ƙwarai shi ne shaida ta farko. Idan kuwa ƙarar injin ta sauya, ko gidan boris ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, wajibi ne a kashe injin, a sauya boris na gaba da na baya tare, da robobin tare mai, da man kansa.