RIGAR DA TA DACE DA MASUNCI: BAYANI GA AL'UMMAR ZOZA DA KEWAYE

Tun daga shekarar 1992 da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye, sana'ar su ta samu gindin zama a yammacin Jihar Kano. A yau akwai magidanta da matasa da dama a ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, har da yankin Zoza, waɗanda ke neman abinci a kan ruwa. Mun lura cewa a kan tsaya a zaɓi koma da ƙugiya da kwale-kwale da kyau, amma rigar da za a shiga ruwa da ita, duk wadda hannu ya kai gare ta ita ake sawa. Wannan sakaci ne da kan taɓa lafiya, wani lokaci ma har da rai.

Kamar yadda aka sani, daga watan Maris zuwa Mayu zafi a Kano yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salsiyas. Masunci kuwa rana biyu ke dukansa: ta sama, da wadda ruwa ke maido masa a fuska da wuya. Idan gumi ya rasa hanyar bushewa, jiki ba ya hucewa, sai jiri da ciwon kai da kasala su biyo baya. Wanda jiri ya ɗebe shi a gona ƙasa zai faɗi; wanda ya ɗebe a cikin kwale-kwale kuwa, sai dai Allah Ya kiyaye.

Rigar auduga tana da daɗin sawa a tudu, amma tana shan ruwa ta riƙe. Da ta jiƙe sai ta yi nauyi ta manne a jiki, ta daɗe ba ta bushe ba, kuma a asubahin hunturu ita ce ke sa mutum kakkarwa. Doguwar riga ta fi muni, domin tana naɗe ƙafafu idan aka faɗa ruwa. Saboda haka ne a ƙasashe irin su Amurka da Ostireliya ake ɗinka rigunan su na musamman da zaren nailan ko foliyesta, wanda ba ya shan ruwa sosai. A kan yi su marasa nauyi, da dogon hannu, da wuya mai rufe ƙeya, sannan a bar tsaga a gadon baya wadda aka lulluɓe da raga domin iska ta riƙa ratsawa. Wasu na ɗauke da alamar UPF 50, ma'ana kashi 2 cikin 100 kacal na hasken rana mai ƙona fata ke wucewa ta cikin yadin. Wannan alama tana da muhimmanci ƙwarai ga 'yan uwanmu zabiya.

Ba lallai sai an sayi ta waje mai tsada ba. A kan dace da irinsu a cikin gwanjon Ƙofar Wambai, kuma telan gari zai iya ɗinkawa idan an samo yadi mara nauyi a Kantin Kwari. Wajen zaɓe, a ɗaga yadin a kalli rana ta cikinsa. Idan haske na ratsawa sosai, kariyarsa kaɗan ce. A hura iska ta cikinsa. Idan ba ta fita, zai dafa jiki kamar leda. A bar rigar da ɗan walawa, a kuma guji manyan maɓallai da igiyoyi, domin suna sarƙewa a koma lokacin jifa, su fizgi mutum. Rigar ƙwallo da matasanmu suka fi sawa tana bushewa da wuri, sai dai gajeren hannunta yana barin damtse a rana. A haɗa da malafa.

Akwai gargaɗi guda: nailan da foliyesta suna narkewa su manne a fata idan wuta ta taɓa su. Duk wanda zai zauna gaban wutar bandar kifi ya tuɓe ta, ya sa ta auduga.

Har ila yau, wannan riga ba ta hana nitsewa, ba ta kuma hana kamuwa da tsargiya ga mai daɗewa a cikin ruwa. Ba mu manta da hatsarin kwale-kwale na ranar 30 ga Nuwamba, 2021 a madatsar Watari ta Bagwai ba, inda aka rasa rayuka fiye da 20, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Rigar kariya daga nitsewa daban take, kuma a kan wannan mara nauyin ake ɗora ta, a ɗaure madaurinta tun kafin a bar gaɓa.

Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da sarakunan ruwa, tare da jami'an sashen aikin gona na ƙananan hukumomin biyu, da su isar da wannan bayani a mashigai da ranakun kasuwa. Wanda kuma ya ga jini a fitsarinsa bayan ya saba shiga ruwa, ya garzaya asibiti mafi kusa domin a duba shi.