Wa Ya Ce Zanen Ya Kammala? Nazari Daga Bodija Zuwa Teburin Masu Manhaja

Tun daga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, da wuya mutum ya ratsa layin 'yan hatsi a Kasuwar Bodija ta Ibadan bai ji ana cewa "alat bai shigo ba". Mai saye ya miƙo wayarsa tana nuna an tura, mai wake ya duba tasa ya ga shiru, ɗan dako kuma na tsaye da buhu yana jiran a sallame shi. Kuɗin nan da ya bar wani aljihu bai isa wani ba yana cikin wani mataki mai suna a wajen masu ƙirƙirar manhaja. Kafin a gina manhajar biyan kuɗi irin su OPay, Moniepoint ko PalmPay, sai an tsara matakan da kuɗi ke bi: ana jira, ya shiga, ya gaza, an mayar wa mai shi. Galibi a zane ake fara tsara su, akwati-akwati da kibau a tsakani.

Abin da ya yaɗu a shekarun nan shi ne su kansu zane-zanen an fara liƙa musu matakai. Ana so duk wanda ya buɗe zane ya ga ko daftari ne, ko ana dubawa, ko an amince, ko an riga an gina abin da ya tsara. Manhajar Enterprise Architect ta kamfanin Sparx Systems na Ostireliya ta daɗe tana barin a yi wa kowane abu na cikin zane irin wannan lamba, daga shawara zuwa amincewa zuwa aiwatarwa. A 2023 Figma, wadda masu tsara fuskar manhaja suka fi amfani da ita, ta ƙara alamar da ke nuna zane ya shirya a gina shi. Inda babu irin wannan gurbi, ma'aikata kan yi dabara: su canza launi, ko su rubuta matakin a jikin sunan zanen, ko su kafa masa kati a allon Trello ko Jira, salon da ya samo asali daga katin kanban na masana'antar Toyota a Japan.

Babban dalilin wannan yayi shi ne zane yana tsufa da wuri, kuma ba ya nuna tsufansa. Lokacin da ƙungiyar OMG ta karɓi UML a 1997, wato ƙa'idar zanen manhaja da Grady Booch, James Rumbaugh da Ivar Jacobson suka haɗa a kamfanin Rational, fatan da aka yi shi ne zane zai zama wa manhaja abin da taswirar gini take wa magini. Ba haka ta kaya ba. Manhaja kullum cikin gyara take, mai gyaran kuma ba safai yake komawa ya gyara zanen ba. A 2001 wasu ƙwararru 17 suka fitar da sanarwar Agile, wadda ta fifita manhaja mai aiki a kan tulin takardu. A 2013 Marian Petre ta fitar da binciken da ta yi da ƙwararru 50, inda 35 daga cikinsu suka ce ba sa amfani da UML sam. Zanen da ya rage a hannun mutane sai ya zama abin tuhuma: na yau ne ko na bara? Lambar mataki amsa ce ga wannan tambaya.

Dalili na biyu shi ne warwatsuwar ma'aikata. Tun annobar korona ta 2020, matashi na iya zama a Agbowo, daura da Jami'ar Ibadan, yana yi wa kamfanin Legas ko na Landan aiki, bai taɓa haɗa ido da wanda ya yi zanen da yake bi ba. Da can sai ya leƙa teburin abokin aiki ya tambaya. Yanzu lambar yake dubawa. Akwai kuma maganar kuɗi, wadda ba a cika faɗa a fili ba: kwangilar manhaja kashi-kashi ake biyanta, kuma kalmar "an amince" ita ce ke sakin kashi na gaba.

Amfanin a bayyane yake. Sabon ma'aikaci ba ya ɓata mako yana gina abin da aka riga aka soke, shugaban aiki yana ganin inda aka maƙale, kuma idan gardama ta tashi akwai abin nunawa.

Illar ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, kuma a nan tarihin Sabo yake da abin koyarwa. An kafa Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan da ke kusa da Mokola, a 1916. Abner Cohen, wanda ya zauna a cikinta a farkon shekarun 1960 ya kuma wallafa littafinsa a 1969, ya bayyana yadda fataken shanu daga Arewa ke sayar wa mahauta Yarabawa dabbobi bashi, ba tare da wata takarda ba. Abin da ya riƙe cinikin shi ne mai gida: shi ke saukar da baƙo, dillalansa ke haɗa ciniki, shi kuma ke tsaya wa bashin. Idan ya ce ciniki ya faɗa, sunansa da dukiyarsa ya jingina. Mahauci ya ƙi biya, asarar a wuyansa take, kuma labari zai kai Arewa kafin fataken su koma. Lambar "an amince" a jikin zane ita ma lamuni ce, sai dai sau da yawa lamuni ce marar mai gida. Kowa na iya danna ta, ba ta faɗin wanda ya duba, kuma idan abin ya ɓaci ba wanda ake kamawa.

A ce wasu matasa za su yi wa 'yan hatsin Bodija manhajar bin sawun kaya. Zanen da zai fara zo musu a kai mai sauƙi ne: an yi oda, an biya, an loda, an sauke. Za su duba shi a tsakaninsu, su ga kibau sun haɗu, su sa masa kore. Amma tirelar wake da ta taso daga Dawanau ba ta bin wannan layi. Tana iya ɗauko kayan mutum goma, kowa da alamarsa a jikin buhu. Wani ya biya rabi, sauran sai an sayar. Akwai la'adar dillali, kuɗin lodi da na sauke, da abin da direba ya kashe a shingayen hanya. Buhu ya iso a jiƙe, a rage masa kuɗi bayan an riga an daidaita. An sayo da buhu, za a sayar da kongo, ma'aunin da Ibadan ta sani. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin zanen, amma lambarsa na cewa ya kammala, kuma duk wanda ya zo daga baya zai gina a kansa da zuciya ɗaya. A ganina zane marar lamba ya fi irin wannan aminci, domin aƙalla yana sa mutum ya yi tambaya.

Ko zanen da ya yi daidai ma, kasuwa ba ta jiransa. Bodija kanta a 1987 aka buɗe ta, aka kwaso 'yan kayan abinci daga Orita Merin. A 2018 gwamnatin Jihar Oyo ta umarci mahauta su bar mayankar Bodija su koma ta Amosun a Akinyele, har aka yi arangama. A Fabrairun 2021, bayan rikicin Kasuwar Shasha ta Ibadan, ƙungiyar masu safarar abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na wasu kwanaki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya sauya hanyar kaya da ta kuɗi. Amincewar da ba ta ɗauke da kwanan wata ba ta san da su ba.

Masu sana'ar sun nemo magani ta ɓangarensu. Da PlantUML ko Mermaid ana rubuta zane da kalmomi, a ajiye shi tare da rubutun manhajar a cikin Git, yadda kowane gyara zai nuna mai shi da ranarsa. Tun 2022 GitHub, shafin da ake ajiye irin wannan rubutu, ke nuna zanen Mermaid kai tsaye. Wannan ya rage matsalar tsufa ƙwarai. Bai taɓa ɗaya matsalar ba, domin Git zai faɗa maka wanda ya matsar da kibiya, ba zai faɗa maka ko haka ake cinikin wake ba.

Don haka kira biyu ne. Ku masu ƙirƙirar manhaja, kada ku sa wa zane "an amince" sai da sunan wanda ya amince da ranar da ya yi hakan, kuma idan zanen na kasuwa ne, wanda zai amince ya zama ɗan kasuwa, a karanta masa matakan da Hausa ko Yarabanci a rumfarsa. Ku kuma shugabannin 'yan kasuwa na Bodija da Sabo, idan aka zo muku da tallar manhaja, ku nemi a nuna muku zanen, ku tambayi inda aka sa bashi da la'ada kafin ku ba da kuɗi ko sunayen mutanenku.