Amurka: ƴan Latino tsakanin neman aiki da fargabar kora

A daren 26 ga watan Maris na shekarar 2024 wani babban jirgin ruwa na dakon kaya ya daki gadar birnin Baltimore, a gabashin ƙasar Amurka, gadar ta rufta cikin ruwa. A wannan lokaci mutanen gari suna barci, amma akwai ma'aikata a bisa gadar suna cike ramukan kwalta. Shida daga cikinsu suka rasa rayukansu. Da aka bayyana asalinsu sai aka tarar dukkansu baƙi ne daga Meziko da Gwatamala da Honduras da El Salbador. Wannan hatsari ya tuna wa Amurkawa abin da sukan manta da shi: aikin dare da na rana tsaka, aikin gona da gini da mayanka, yawancinsa yana bisa wuyan mutanen da ake kira Latino.

Su wane ne ƴan Latino?

Latino suna ne da ake bai wa mazauna Amurka waɗanda asalinsu ya fito daga ƙasashen kudu masu magana da harshen Sifaniyanci, kamar Meziko da Kuba da ƙasashen Amurka ta Tsakiya. Ƙidayar jama'a ta 2020 ta nuna sun kai mutum miliyon 62, wato kusan 19 bisa 100 na al'ummar ƙasar. Fiye da rabinsu ƴan asalin Meziko ne. Wajen kashi biyu cikin uku a Amurka aka haife su, saboda haka ƴan ƙasa ne kamar kowa. Mutanen tsibirin Puwerto Riko kuwa doka ta ba su zama ƴan ƙasa tun 1917.

Wasu ma ba su taɓa ƙetara iyaka ba, iyakar ce ta ƙetare su. Jihar Teksas da ta Kalifoniya da Arizona da Sabuwar Meziko duk ƙasar Meziko ce a da. Amurka ta haɗe Teksas a 1845, yaƙi ya biyo baya, aka ƙare shi da yarjejeniyar 1848, inda Meziko ta rasa kusan rabin ƙasarta. Mutanen da ke zaune a wuraren suka wayi gari ƙarƙashin wata tuta. Yarjejeniyar ta yi alkawarin kare dukiyarsu, amma da yawa suka rasa gonaki da makiyaya a hannun sababbin zuwa, ta hanyar shari'un da ake yi cikin harshen da ba su ji.

A kira su yau, a kore su gobe

Wanda ya bi tarihin shekaru ɗari da suka wuce zai ga abu guda yana maimaituwa. In ayyuka sun yi yawa, hannuwa sun yi kaɗan, sai a buɗe ƙofa. In kasuwa ta faɗi, sai a ɗora wa baƙo laifi.

Bayan karyewar tattalin arziki ta 1929, hukumomin jihohi da birane suka shiga tasa ƙeyar ƴan asalin Meziko zuwa kudu, da hujjar wai a bar wa ƴan ƙasa aiki. Dubban ɗaruruwa suka tafi, wasu da tilas, wasu don tsoro, kuma da yawa daga cikinsu yara ne haifaffun Amurka. Sai a 2005 jihar Kalifoniya ta kafa dokar neman gafara a kan wannan aiki.

Ba a daɗe ba yaƙin duniya na biyu ya kwashe samari zuwa fagen fama, gonaki suka rasa masu girbi. A 1942 gwamnatocin ƙasashen biyu suka sa hannu a kan shirin da ake kira Bracero, ma'anarsa mai aiki da ƙarfin damtse. Shirin ya ci gaba har 1964, an kuma rubuta kwantiragi fiye da miliyon 4 da rabi a cikinsa. Waɗannan ƴan cin rani, in sun iso iyaka, akan tuɓe su a fesa musu maganin ƙwari na DDT kafin a rarraba su ga masu gonaki. A shekarun farko ana cire kashi 10 bisa 100 na ladansu da sunan ajiya, za a ba su in sun koma gida; da yawa sun tsufa, sun mutu, ba su ga kuɗin ba. Ana tsakiyar shirin ma, a 1954, hukumar shige da fice ta yi wani babban kame, ta kori dubban ɗaruruwa. An ci moriyar ganga, an yar da kwaurenta.

Wariya a makaranta da gona

A jihohin kudu maso yamma an daɗe ana ware wa ƴaƴan ƴan Meziko makarantu dabam, marasa kayan aiki, ana kuma hukunta yaro in ya yi magana da harshen iyayensa. A Kalifoniya wani manomi mai suna Gonzalo Mendez, wanda aka hana ƴaƴansa shiga makarantar fararen fata, ya haɗa kai da wasu iyalai huɗu suka kai ƙara. A 1947 kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya. Wannan hukunci ya riga da shekara bakwai wanda Kotun Ƙoli ta yanke a 1954, na haramta wariyar makarantu a ƙasar baki ɗaya.

A gona kuwa doka da kanta ce ta bar su a baya. Dokar 1935 da ta bai wa ma'aikata ikon kafa ƙungiyar ƙwadago da yin ciniki da masu ɗaukar aiki ta tsame ma'aikatan gona da masu aikin gida. Dokar 1938 ta mafi ƙanƙantar albashi ita ma ta tsallake su da farko. Saboda haka mai gona shi ke yanke lada, shi ke da ɗakin kwana, wanda ya yi gardama a sallame shi.

A 1962 Cesar Chavez da Dolores Huerta suka kafa ƙungiyar ma'aikatan gona a Kalifoniya. A watan Satumba na 1965 masu tsinkar inabi ƴan asalin Filifin, ƙarƙashin Larry Itliong, suka soma yajin aiki a garin Delano, ƴan Meziko suka mara musu baya. A 1966 suka yi tattaki da ƙafa na kusan kilomita 500 zuwa Sakramento, babban birnin jihar, suka kuma roƙi jama'ar ƙasa su daina sayen inabi. Miliyoyin mutane suka amsa. Bayan shekara biyar, a 1970, masu gonaki suka sa hannu a kan ƙarin lada. A 1975 jihar ta bai wa ma'aikatan gona ikon zaɓen ƙungiyarsu, ta kuma hana tilasta musu aiki da fartanya mai gajeriyar ƙota, wadda ke sa mutum yini a duƙe har bayansa ya lalace. Tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Rashin aikin yi

Ƴan Latino suna cikin waɗanda suka fi fita neman aiki a Amurka, amma ayyukan da suke samu su ne masu saurin gushewa: gini, gona, gidajen abinci, otal, share-share. Bayan rushewar kasuwar gidaje ta 2008 gine-gine suka tsaya; a 2010 marasa aiki a cikinsu sun kai 12,5 bisa 100, alhali na fararen fata bai kai 9 ba. A watan Afrilu na 2020, da annobar korona ta rufe kasuwanni, adadin ya kusa 19 bisa 100, na fararen fata kuwa wajen 14. A daidai wannan lokaci gwamnati ta sa ma'aikatan gona da na mayanka cikin waɗanda ba a iya dakatar da aikinsu, suka ci gaba da fita, cutar ta kama su da yawa. Marasa takarda kuma ba su da haƙƙin kuɗin da ake bai wa wanda ya rasa aiki, ko da ana cire haraji a albashinsu.

Matsalar takarda

Mutum fiye da miliyon 11 ke zaune a Amurka ba da iznin hukuma ba, mafi yawansu daga ƙasashen Latin Amurka. Binciken ma'aikatar ƙwadago ya nuna kusan huɗu cikin kowane goma na ƴan ƙwadagon gona ba su da takarda. Mutum irin wannan in an danne masa lada ba ya kai ƙara, in ya ji ciwo yana tsoron asibiti, domin kowace ƙofar hukuma tana iya zama hanyar kora.

A 1986 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a kan dokar da ta bai wa kusan mutum miliyon 2,7 takardar zama. Tun daga nan majalisa ba ta sake yin irin wannan babbar doka ba. Daga 1994 aka ƙarfafa tsaro da shinge a kusa da biranen iyaka, wadda tsawonta ya zarce kilomita 3.000. Masu ƙetarawa ba su daina ba, sai dai suka koma bin hamadar Arizona, inda ƙishirwa ta kashe dubbai. A watan Yuni na 2022 mutum 53 suka mutu saboda zafi a cikin wata babbar motar kaya da masu fasa-ƙwabrin mutane suka yasar a birnin San Antoniyo. Abin da ke tura su kuwa sananne ne: talauci, da rashin tsaro, da iyalin da ke jiran aike. A 2023 kaɗai kuɗin da aka aika Meziko daga waje ya wuce dala miliyar 60.

Yaran da aka shigo da su suna ƙanana su ne suka fi shiga tsaka mai wuya, don ba su san wata ƙasa ba. A 2012 Shugaba Barack Obama ya ba dubban ɗaruruwansu iznin aiki na wucin gadi, wanda ake sabuntawa kowace shekara biyu, ba tare da hanyar zama ɗan ƙasa ba.

Ƙiyayya kuma ba ta tambayar takarda. A watan Agusta na 2019 wani ɗan bindiga ya shiga wani babban kanti a birnin El Paso da niyyar kashe ƴan Meziko, mutum 23 suka rasu. A 2025, bayan dawowar Shugaba Donald Trump kan mulki, jami'an shige da fice suka tsananta kame a gonaki da wuraren aiki, musamman a Los Anjeles cikin watan Yuni. Wata alƙaliya ta hana tsare mutum saboda kamanninsa ko harshensa ko irin aikinsa kawai, amma a watan Satumba Kotun Ƙoli ta dakatar da wannan umurni. Haifaffun ƙasar da yawa suka koma yawo da fasfo a aljihu.

Duk da haka jama'ar Latino ta yi nisa. Sonia Sotomayor, ɗiyar ƴan Puwerto Riko, ta zama alƙaliya a Kotun Ƙoli a 2009, kuma ƙuri'unsu na da nauyi a Teksas da Arizona da Florida da Nebada. Abin da ya rage a gaban majalisar Amurka shi ne tambayar da ta gagara tun 1986: mene ne matsayin mutumin da ya shekara ashirin yana girbe abincin ƙasa, ƴaƴansa ƴan ƙasa ne, shi kuwa kullum yana kwana da tsoron a ƙwanƙwasa masa ƙofa.