Yadda ake rataye layin ƙaramin jirgin ƙasa a saman ɗaki ba tare da haɗari ba

Kudancin Jihar Kaduna ya daɗe da sanin jirgin ƙasa. Garin Kafanchan ya bunƙasa ne a matsayin mahaɗar layin dogo, inda layin da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna ya fitar da reshe zuwa Jos a 1927. A yau kuma jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka ƙaddamar a watan Yulin 2016 a kan layi mai tsawon kilomita 186, yana da tasha a Jere da ke Ƙaramar Hukumar Kagarko. Yaron da ya tashi yana jin kukan jirgi, yana kuma ƙera motar kara ko ta gwangwani, ba abin mamaki ba ne in ya nemi a saya masa ƙaramin jirgi mai tafiya da lantarki.

Matsalar ita ce wuri. Layin yana cin fili, ɗakunan yawancin gidaje kuwa gado da kujeru sun riga sun cika su. Shi ya sa masu wannan sha'awa a Turai da Amurka kan ɗaga layin sama, ya zagaye ɗaki a ƙasa da silin. Dabara ce mai ƙayatarwa, amma duk abin da aka rataye a saman kawunan mutane yana buƙatar a yi masa kyakkyawan shiri.

Zaɓen girman jirgi

Ana ƙera waɗannan jirage bisa ma'auni sananne. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne HO, inda aka ƙanƙanta jirgi sau 87. Tazarar ƙarafan layin Abuja zuwa Kaduna milimita 1,435 ce; in an raba ta gida 87, sai ta koma milimita 16.5, wato faɗin layin HO. Tsohon layin Kafanchan ya fi ƙunci, milimita 1,067 ne, don haka mai son kwaikwayonsa daidai a wannan ma'auni zai nemi layi mai faɗin milimita 12.

Akwai kuma ma'aunin G mai faɗin milimita 45, wanda kamfanin LGB na Jamus ya fito da shi a 1968. Ya fi ganuwa daga ƙasa, ƙura ba ta saurin tsayar da shi, sai dai ya fi nauyi da tsada. Kwanarsa mafi ƙunci tana buƙatar santimita 60 daga tsakiyar da'ira zuwa layi, alhali HO kan wadatu da kimanin 46.

Abin da zai ɗauki nauyi

Nan ne aka fi yin kuskure. Silin POP da na roba da na kwali ado ne da ke rufe katakan rufi, ba a yi su don ɗaukar kaya ba. Ƙusar da aka kafa a jikinsu za ta iya riƙewa na ɗan lokaci, amma girgizar jirgin tana sassauta ta a hankali har ranar da za ta saki.

Hanyoyi biyu ne masu aminci. Ta farko, a kafa ƙarafa masu kusurwa a jikin bango, a ɗora katakon layin a kansu kamar kanta. Wannan ta fi dacewa da ginin bulo. Ta biyu, a saukar da sandunan ƙarfe masu noti daga katakan rufi, ko daga simintin rufi in ginin bene ne. Noti yana ba da damar ɗagawa ko saukewa har layin ya daidaita, abin da igiya ko sarƙa ba sa yi, domin suna lilo. Kafin a huda ko'ina, sai mai gyaran wuta ya nuna inda wayoyi suka bi, kafinta kuma ya duba ko gara ta ci katakan.

Tazarar da ke tsakanin madogarai kada ta wuce kimanin santimita 60, don kada katako ya lanƙwasa. A sa layin sama da ƙofa da taga, a nesanta shi da fukafukan fankar sama, sannan a bar wurin da hannu zai shiga tsakanin jirgi da silin.

Daidaito da kariya

Ƙaramin jirgi ba ya son hawa. In hawan ya wuce santimita 2 a kowace mita, ƙafafunsa kan riƙa sulɓewa, a gangara kuma ya yi gudun da zai jefar da shi a kwana. Ma'aunin ruwa da magina ke duba daidaiton gini ya isa wannan aiki. Dole ne kuma a yi wa gefen layin shinge na siririn katako ko roba mai ƙarfi da ake gani ta cikinta, musamman a kwanoni. Kan jirgin G na iya kai kilo biyu ko fiye. Faɗowarsa daga sama da mita biyu a kan jariri babban haɗari ne. Saboda haka kada layin ya bi ta saman gado ko shimfiɗar yara.

Wuta, ƙura da damina

Wutar gida a Najeriya volt 230 ce, jiragen HO kuwa kan yi aiki da kimanin volt 12 ta hanyar ƙaramar taransifoma. A ajiye ta ƙasa inda babba zai iya kashe ta nan take, kuma a cire ta daga soket in an ɗauke wuta ko za a tayar da janareto. Masu batirin sola mai volt 12 na iya amfani da shi, muddin an sa fiyus da na'urar rage gudu.

Da hunturu, ƙura kan kwanta a kan ƙarafan ta yanke wuta, don haka a riƙa goge su da tsumma mai laushi. Da damina, wadda ke da ƙarfi a yankin Kafanchan da Kagarko, ɗanyen katako kan kumbura ya karkace. A yi aiki da busasshe, a shafe shi da fenti ta kowace fuska, a kuma sake ɗaure notuna a farkon damina da ƙarshenta.

Kafin a ɗora jirgi, a gwada kowane sashe da nauyin da ya ninka nasa, a bar shi ya kwana. In ya riƙe, a fara da ƙaramin gudu, ɗakin babu yara. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.