Turke, barga da filin aro: inda ƙaramin jirgi yake kwana

Duk wanda ya taɓa riƙe doki ya san cewa biyan kuɗinsa a kasuwa shi ne mafi sauƙi a cikin hidimarsa. Ɗawainiya tana farawa ne daga ranar da aka shigo da shi gida: ina za a kafa masa turke, wa zai riƙa kawo harawa da dusa da kanwa, ina zai fake idan damina ta sauka. Wani ya ɗaure nasa a gindin bishiya, wani ya roƙi gurbi a bargar maƙwabci yana ɗan biyan wani abu, wani kuwa ya ce ai sai ya gina tasa. Wannan lissafin ne masu ƙananan jiragen sama a Amurka suke fama da shi, sai dai dokinsu na gorar ruwa ne, kuma ba ya shiga zaure.

A can ƙaramin jirgi bai zama abin sarakuna kaɗai ba. Jiragen da ba na kamfanonin jigila ko na soja ba sun haura 200,000, filayen da aka buɗe wa kowa ya sauka kuma sun kai kimanin 5,000. Manomi yana da shi, likita yana da shi, wani lokaci mutum uku ko huɗu su yi karo-karo su sayi guda. Wanda ya fi yawa a hannun mutane shi ne Cessna 172, mai kujera huɗu, wanda aka fara sayarwa a 1956, aka kuma ƙera fiye da 44,000 zuwa yau. Daga ƙarshen wannan fiffike zuwa ƙarshen wancan mita 11 ne. Babu garejin gida da zai ɗauke shi, dole a filin jirgi zai kwana.

Mafi arha shi ne turke. A filin akwai zobban ƙarfe da aka binne a cikin siminti, sai a ɗaure jirgi da igiya uku, ɗaya a kowane fiffike, ɗaya a wutsiya, a bar shi a sarari. Kuɗin wata kaɗan ne, amma rana da ruwa suna karɓar nasu kason a hankali. Fenti ya koɗe, robar tagogi ta dusashe, ruwa ya silale cikin tankin mai, tsuntsaye su yi sheƙa a jikin inji. Ƙanƙara ta minti goma tana iya lotsa fiffike kamar tsohon kwanon sha. A ƙarshen watan Maris na 2011 guguwa ta auka wa taron masu jirage a Lakeland da ke jihar Florida, ta kifar da jirage da dama da ke ajiye a waje. Shi ya sa duk mai jirgi burinsa ya samu rumfa mai rufi da ƙofa.

To a nan hanya take rabuwa biyu. Ko dai ya kama hayar rumfa daga hukumar filin, ko ya gina tasa.

Rumfunan haya galibi a jere suke kamar shagunan kasuwa, kowace an yanka ta daidai da surar jirgi: faɗi a gaba inda fikafikai suke, matsattsiya a baya inda wutsiya take shiga, ta yadda na wannan layi da na bayansa suke saƙa wutsiyoyinsu cikin juna don a rage ɓarnar wuri. Haya takan kama 'yan ɗaruruwan daloli a wata, ta fi haka kusa da manyan birane. Idan rufi ya yi yoyo matsalar mai fili ce. Idan aka yi wa mutum canjin wurin aiki, ya miƙa makulli ya tashi da jirginsa. Illarta ita ce wadda kowane ɗan haya ya sani: ana iya ƙara kuɗi, ba ka da ikon fasa bango ko faɗaɗa ƙofa, kuma a filaye masu cunkoso sai mutum ya rubuta sunansa ya jira shekaru kafin gurbi ya faɗo.

Wanda ya gaji da jira sai zuciya ta fara raya masa gini. Kuma maganar gaskiya, rumfar kai tana da daɗi. Ka yi ta yadda kake so, ka ja wuta, ka kafa teburin gyara, makanike ya zo ya yi binciken shekara-shekara da doka ta wajabta ba tare da iska tana watsa masa kusoshi ba. Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne, daga dubban daloli masu yawa har ya haura dubu ɗari. Ƙofa kaɗai babban abu ce, domin dole ta buɗe faɗin mita 12 ko fiye babu ginshiƙi a tsakiya. Ga daɓen siminti, ga hanyar da za ta haɗa rumfar da titin jirgi, ga inshora da haraji. A jihohin sanyi kuma sai an yi rufin da zai ɗauki nauyin dusar ƙanƙara. A watan Fabrairu na 2010 rufin wasu rumfuna ya rufta a kan jirage a filin Dulles kusa da Washington saboda nauyinta.

Amma duk wannan ba shi ne abin da ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne ƙasar da za a kafa ginin a kanta.

Ina da wani kawu tela, Allah ya jiƙansa, wanda ya samu gurbi a bakin kasuwar garinmu, a filin da ba nasa ba. Da farko rumfar kara ya kafa. Da ciniki ya buɗe sai ya zuba bulo, ya yi rufin kwano, ya sa ƙofar ƙarfe. Mahaifina ya ce masa, "Yaya, ka karɓi takarda kafin ka zuba siminti." Ya amsa da cewa, "Haba ƙanena, mutanen nan mun san juna, wace takarda kuma?" Bayan wasu shekaru waɗanda ya sani suka gushe, waɗanda suka zo suka ce za a sake fasalin wurin. Keken ɗinkinsa da ƙofar ƙarfen kawai ya iya ɗauka. Har ya rasu yana kiran wurin shagona, alhali bulo ne nasa, ƙasa ta wasu.

Haka abin yake a yawancin filayen jiragen Amurka. Filin na birni ne ko na gunduma, kuma ba sayar maka za su yi ba. Hayar ƙasa za su ba ka ta shekara 20 ko 30, ka yi gini da kuɗinka, kana kuma biyan kuɗin ƙasa duk shekara. A cikin yarjeniyoyi da yawa akwai sharaɗin cewa ranar da wa'adi ya cika, ginin ya zama mallakar filin. Hukumar kula da sufurin sama ta ƙasar, FAA, ba ta son hayar da ta wuce shekara 50 a filayen da suka karɓi tallafin gwamnatin tarayya, domin tana ɗaukar hakan tamkar sayar da filin ne. Ke nan gini ne da darajarsa take raguwa duk shekara. Rumfar da saura shekara 25 a takardarta tana da masu saye. Wadda saura shekara 4 kuwa, wa zai zuba kuɗinsa? Gidan da mutum ya gina a filinsa 'ya'yansa ne suke gada. Wannan kuwa hayar shekaru ce aka biya a dunƙule tun farko.

Ko a cikin rumfar ma ba ka da cikakken iko. Ƙa'idar da FAA ta fitar a 2016 ta ce rumfa a irin waɗannan filaye ta harkar jirgi ce. Za ka iya ajiye wasu kaya muddin ba su tare wa jirgi hanya ba, amma ba za ka mayar da ita sito ko wurin kwana ba.

Sannan shi kansa filin yana iya gushewa. A daren 30 ga Maris na 2003 magajin garin Chicago, Richard Daley, ya tura motocin rusau suka farfasa titin filin Meigs, gari ya waye jirage 16 suna tsaye babu hanyar tashi. Filin Santa Monica a California an riga an yi yarjejeniya tun 2017 cewa birnin zai iya rufe shi bayan ƙarshen 2028. Rumfar jirgi a inda babu titin jirgi daidai take da kwalekwale a kogin da ya ƙafe.

Akwai waɗanda suka kuɓuta daga wannan gaba ɗaya, su ne masu zama a unguwannin da aka gina a kewayen titin jirgi, irin Spruce Creek a Florida, inda mutum yake mallakar fili da gida da rumfa, ya fito da jirgi daga ƙofar gidansa kamar mai fito da doki daga barga. Wannan sai mai hali sosai, kuma sai wanda ya yanke shawarar nan zai tsufa.

Ni dai a ganina sabon mai jirgi ya fara da haya, ko da turke ne, ya rubuta sunansa a layin jira, ya yi shekara biyu ko uku ya ga ko sha'awar za ta ɗore, domin da yawa suna sayar da jirgin da zarar kuɗin mai da gyara sun fara cizo. Idan ya tabbata garin nan zai zauna, sai ya raba kuɗin ginin da adadin shekarun da aka ba shi, ya ɗora kuɗin ƙasa da haraji da inshora, ya gwada da hayar shekara. Kafin ya kira magini kuma, ya kai takardar wurin lauya ya nemi amsar abu uku a rubuce: shekara nawa ne, zai iya sayar wa wani a tsakiyar wa'adi, kuma ranar da wa'adi ya cika rumfar ta wa ce. In ba a rubuta masa waɗannan ba, kada ya zuba siminti.